Tambayoyinku: Tsuntsayen Tsibirai da Baƙin da Suka Gama da Su

Wasiƙun da suka iso mini a wannan wata sun karkata ga batu guda, wato halin da tsuntsaye ke ciki a tsibiran teku na yankuna masu zafi. Na zaɓi shida, na taƙaita wasu saboda ƙarancin fili, kuma ina neman afuwar waɗanda ba su ga tasu ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyya ne a makarantar sakandare. Ran nan ina koyar da darasin halittun da suka ƙare a duniya, da na ambaci dodo sai aji ya kwashe da dariya, wani yaro ya ce shi dodon da ya sani shi ne na tatsuniyar kakarsa. Don Allah a yi mana bayanin wannan tsuntsu da abin da ya gama da shi. Daga wani malami a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ka gaya wa ɗalibin nan cewa sunayen biyu karo kawai suka yi, babu abin da ya haɗa su. Dodon tatsuniya mutane yake haɗiyewa, wannan kuwa ko gudun mutum bai iya ba. Tsuntsu ne babba, tsayinsa ya kusa mita ɗaya, dangin tantabara da kurciya ne ta wajen asali, kuma a duk faɗin duniya ba a taɓa samunsa ba sai a tsibirin Morishiyus da ke Tekun Indiya, gabas da Madagaska. A lura kada yara su rikita shi da ƙasar Muritaniya. Matuƙan jiragen ruwa na Holan sun sauka a tsibirin a 1598, lokacin babu mahaluki ko ɗaya da ke zaune a cikinsa, kuma gani na ƙarshe da masana suka fi yarda da shi an yi shi ne a 1662. Shekara 64 ke nan tsakanin haɗuwa da rabuwa, ko tsawon ran dattijo guda bai cika ba.

Abin da aka fi yaɗawa shi ne mutane ne suka cinye shi. Sun ci kam, amma su kansu matuƙan sun yi ta ƙorafin taurin naman, har suka laƙaba masa suna da harshensu mai nufin tsuntsun da ke sa ƙyama, kuma mutanen da suka zauna a tsibirin a wancan ƙarni ba su kai yawan da za su bi kowane lungu na daji ba. Ɓarnar ta fi zuwa ne daga abin da jiragen suka sauke tare da mutane, wato aladu da birai da ɓeraye da kyanwoyi. Dodo a ƙasa yake sheƙa, don haka ƙwansa ya zama abinci a buɗe ga duk wanda ya bi ta wurin. Babban tsuntsu yana nan yana yawo, mai kallo yana zaton lafiya ƙalau, alhali babu ɗan da ke tasowa a bayansa.

Dalilin da ya sa ya kasa kare kansa shi ne ya kamata ɗalibai su riƙe, domin shi ne ke maimaituwa a kusan kowane tsibiri. Kakannin dodo da fukafukansu suka iso. Da suka tarar babu dila, babu muzuru, babu tunku, ga 'ya'yan itace suna zuba a gindi, sai tashi sama ya zama wahalar banza, kuma cikin zamunna masu tsawo jiki ya yi nauyi, fukafukai suka ƙanƙance, tsoron ma ya gushe. Fakarar da ke bayan gonarka ta gaji fargaba daga iyaye da kakanni, shi ya sa kafin ka ɗaga ƙafa ta riga ta tashi. Tsuntsun tsibiri bai gaji wannan ba. Ƙari a kan haka, tsibiri ba shi da maƙwabci: idan gobara ko sara ta kori tsuntsaye daga wani daji a nahiya, akwai wani dajin a gaba, amma a tsibiri abin da ke gaba ruwan gishiri ne. Wannan ne ya sa kusan kashi 90 cikin 100 na nau'o'in tsuntsayen da suka ƙare tun daga shekarar 1500 na tsibirai ne. Na dodo kuwa, abin da ya rage da sauran fata a jikinsa shi ne busasshen kai da ƙafa da ke ajiye a gidan adana kayan tarihi na Jami'ar Oxford a Ingila.

TAMBAYA: Na fi shekara 20 ina kiwon tantabaru, kuma na san idan suka ragu suka koma biyu ko uku da wuya gidan ya sake tashi. Shin an taɓa ceto wani tsuntsun daji da ya kai wannan matsayi, ko kuwa kuɗi kawai ake zubarwa? Daga wani Alhaji a Maraɗi.

AMSA: An taɓa, Alhaji, kuma a tsibirin dodon ne ma. Akwai wani ɗan ƙaramin shaho da shi ma a Morishiyus kaɗai ake samunsa, yawancin abincinsa wata irin tsaka ce mai launin kore da ke bin rassan itatuwa. Abu uku suka haɗu a kansa. An sare dajin asali domin noman rake har abin da ya rage bai kai kashi 2 cikin 100 ba. An yi feshin maganin sauro na DDT a shekarun 1950 da 1960 domin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro, maganin ya bi ta jikin ƙwari da tsaka ya taru a jikin shaho, ya sa ɓawon ƙwansa ya yi laushi yana fashewa a ƙarƙashin uwa. Birai da ɓeraye kuma suna hawa suna kwashe abin da ya tsira. A 1974 guda 4 kacal aka san suna raye a daji, har wasu masana suka ba da shawarar a haƙura da shi, a kai kuɗin inda zai fi amfani.

A 1979 wani matashi ɗan yankin Wales na Birtaniya mai suna Carl Jones ya iso tsibirin, kuma dabarar da ya yi aiki da ita ba baƙuwa ba ce ga mai kiwo irinka. Ya san cewa idan aka ɗauke wa tsuntsuwa ƙwai da wuri, takan sake saka wasu. Saboda haka shi da abokan aikinsa sukan hau duwatsu masu tsayi inda sheƙar take, su kwaso ƙwan farko su sa a na'urar ƙyanƙyasa, su bar uwa ta sake sakawa ta kwanta a kan na biyun, ka ga an sami ninki biyu a shekara ɗaya. 'Ya'yan da aka ƙyanƙyashe ana ciyar da su da hannu, sannan a mayar da su daji, a ci gaba da kai musu abinci har su koyi farauta. An kafa musu akwatunan sheƙa da biri ba zai iya zura hannu ba, an ɗana tarkuna kewaye da su. Cikin kimanin shekara 10 an saki fiye da 300. Da wannan hanya aka tsamo wata kurciyar tsibirin mai launin ruwan hoda, wadda ta ragu zuwa kimanin 10 a farkon shekarun 1990 amma yanzu ana ƙirga ta da ɗaruruwa, da kuma wata tsirya, 'yar'uwar wadda muka sani a nan, da ita ma ta tashi daga ƙasa da 20 zuwa ɗaruruwa.

A tsibiran Seshel an bi wata hanya dabam. A 1968 ƙungiyar da a yau ake kira BirdLife International ta sayi wani ɗan tsibiri sukutum mai suna Cousin, saboda wani ɗan tsuntsu mai daɗin kuka da bai kai 30 ba a duniya. Ta daina kula da gonar kwakwar da ta mamaye wurin, ta bar itatuwan asali suka dawo, tsuntsun ya hayayyafa har aka riƙa ɗiba ana kaiwa wasu tsibiran, yanzu kuma ana maganar kimanin 3,000.

Kwalliya ta biya kuɗin sabulu ke nan. Sai dai ƙwarewarka ta kiwo tana da gaskiya ta wani ɓangaren, domin zuriyar da ta fito daga tsatso kaɗan takan yi rauni, kuma da aka sassauta kulawa shahon nan ya sake raguwa, har a 2014 aka mayar da shi jerin tsuntsayen da ke cikin haɗari. A ganina wannan shi ne abin da masu ba da tallafi suka fi ƙin ji, wato aikin ba shi da ranar gamawa. A 2022 gwamnatin Morishiyus ta ayyana shi a matsayin tsuntsun ƙasa.

TAMBAYA: Ina da shagon magani. Wani abokin ciniki ya ce mini Amurkawa suna kashe macizai da farasitamol a wani tsibiri, na ce masa shaci-faɗi ne. Wa ke da gaskiya? Daga wani mai karatu a Zangon Kumasi.

AMSA: Sai ka ba shi haƙuri, Malam, domin shi ke da gaskiya. Tsibirin shi ne Guwam da ke yammacin Tekun Fasifik, a ƙarƙashin ikon Amurka. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wani maciji mai launin ƙasa-ƙasa, mai hawa itace da dare, ya shigo a ɓoye cikin kayan sojoji daga yankin Niyu Gini. Tsuntsayen Guwam ba su taɓa sanin macijin da ke bin su har sheƙa ba, kuma ya zuwa shekarun 1980 nau'i 10 daga cikin 12 na tsuntsayen dajin tsibirin sun ɓace daga dajin. An daɗe ana zargin cuta da maganin ƙwari kafin bincike ya tabbatar da cewa macijin ne.

Farasitamol guba ce a gare shi. Ana manna ƙwaya mai miligiram 80 a jikin mataccen ɗan ɓera, a haɗa shi da kwali da doguwar takarda, a jefo daga jirgi mai saukar ungulu, takardar ta sarƙe a rassa, ɓeran ya tsaya yana lilo a sama inda macijin ke kiwo, nesa da kaguwa da sauran dabbobin ƙasa. Dabarar ta ci ne saboda wannan maciji yana cin mushe, abin da yawancin macizai ba sa yi, don haka kada wani ya ce zai gwada a kan kububuwa ko gamsheƙa. Tunda kai mai shagon magani ne, ka riƙa gaya wa mutane cewa ƙwayar nan tana kashe kyanwa ita ma.

Abin da ya fi ba ni mamaki a labarin Guwam shi ne abin da ya biyo bayan shirun tsuntsaye. Masu bincike sun ƙirga saƙar gizo-gizo a damina suka tarar ta ninka ta tsibiran maƙwabta har sau 40, saboda babu mai cinye gizon. Itatuwan da tsuntsaye ke yaɗa irinsu kuma sai 'ya'yansu su zube a gindin uwa su ruɓe, sabbin tsirrai suka yi ƙaranci matuƙa. Har yau karnuka ne ke shinshina kayan da za a fitar daga tashoshin Guwam, don kada macijin ya tsallaka wani tsibirin.

TAMBAYA: Ni ɗalibar koyon aikin jinya ce. Da gaske ne tsuntsaye ma suna yin zazzaɓin cizon sauro? Daga wata ɗaliba a Sakkwato.

AMSA: Suna yi, 'yata, amma ƙwayar cutar tasu dabam ce da tamu, ba ta kama mutum, kuma sauron da ke ɗauke da ita ba irin wanda ke ba mu zazzaɓi ba ne. Tsuntsayen nahiya sun saba da ita. Inda ta yi ta'adi shi ne tsibiran Hawayi, waɗanda ba su san sauro ba sam sai wajen 1826 da ya iso ta jirgin ruwa. Akwai wani dangi na ƙananan tsuntsaye masu launi a can da ya haura nau'i 50, yanzu 17 suka rage, kuma a wasu daga cikinsu cizo ɗaya ya isa ya kashe. Waɗanda suka tsira sun tsira ne a saman duwatsu inda sanyi ke hana sauro, amma ɗumamar yanayi tana sa sauron yana ƙara hawa, su kuma dutsen ya kusa ƙare musu.

Akwai wani faifai da aka naɗa a tsibirin Kawayi na kukan wani tsuntsu da ake kira o'o, wanda ba a sake jin ɗuriyarsa ba bayan 1987. Al'adar irinsa namiji da mace ne ke amsa wa juna, don haka a faifan za ki ji namijin ya yi kira, ya dakata daidai inda ya kamata macen ta amsa, sannan ya ci gaba. A 2023 hukumomin Amurka suka bayyana cewa ya ƙare, tare da wasu tsuntsayen Hawayi 7. A ƙarshen shekarar ne kuma aka fara sakin mazan sauro da yawan gaske a tsibirin Mawi, waɗanda ke ɗauke da wata ƙwayar halitta mai suna Wolbachia. Namijin sauro ba ya cizo, kuma duk macen da ta sadu da irin waɗannan, ƙwanta ba ya ƙyanƙyashewa.

TAMBAYA: Na ji an ce masu kare tsuntsaye suna kashe kyanwoyi a tsibirai. Ni ina da kyanwa uku a gida, kuma ban ga adalcin kashe wata halitta don a raya wata ba. Daga wata Hajiya a Kano.

AMSA: Ranki ya daɗe, ba zan ɓoye miki ba, ana yi, kuma damuwarki ba ta banza ba ce. Ina yaro wani muzuru ya taɓa shiga ɗakin tantabarun yayana da dare ta wata 'yar kafa da ba mu lura da ita ba. Da safe muka tarar da gashi ya cika ƙasa, ya ci ɗaya, ya karya wuyan sauran ya bar su. Ban ga laifin muzurun ba, halinsa ya yi. To tsibirin da tsuntsayen teku ke sheƙa a ƙasa tamkar wannan ɗaki ne, bambancin kawai shi ne babu wanda zai zo da safe ya toshe kafar.

Ki ɗauki tsibirin Asenshan da ke tsakiyar Tekun Atilantika. Turawan Ingila sun kai kyanwoyi can a 1815 don su rage ɓeraye, aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago, domin kyanwa ta ga tsuntsun da ke kwance a kan ƙwai ya fi ɓera sauƙin kamu. Tsuntsayen teku suka bar babban tsibirin suka takure a kan wani ɗan dutse da ke cikin ruwa da kuma wasu tsaunukan da ƙafa ba ta kaiwa. A 2002 aka fara kawar da kyanwoyin daji, aka yi wa na gida rajista da dandaƙa, kuma duk da haka wasu na gidan sun ci gubar sun mutu, abin da ya ɓata wa mazauna rai ƙwarai. A 2006 aka tabbatar babu sauran na daji, a 2012 kuma wani babban tsuntsun teku da ba ya haihuwa ko'ina a duniya sai a nan ya dawo ya yi sheƙa a babban tsibirin, karon farko cikin sama da shekara 100. Irin kuskuren kai kyanwoyin nan aka yi da tunku a Hawayi a 1883, aka kai shi gonakin rake don ya ci ɓera, aka manta cewa shi da rana yake fita, ɓera kuma da dare.

Amfanin ma bai tsaya ga tsuntsaye ba. A tsibiran Chagos na Tekun Indiya an kwatanta waɗanda ke da ɓeraye da waɗanda babu, aka tarar tsuntsayen teku sun fi yawa sau 760 a inda babu ɓera, kashinsu kuma, wanda duk manomi ya san taki ne, yana gangarawa ruwa, har nauyin kifin da ke gaɓar ya ɗara na ɗaya ɓangaren da kashi 48 cikin 100. Amma aikin ba kullum yake ci ba. A tsibirin Henderson da ke kudancin Tekun Fasifik an zuba tan-tan na abincin guba a 2011, ɓeraye ƙasa da 100 suka tsira, cikin 'yan shekaru suka koma yadda suke. Ra'ayina shi ne a yi shi a inda tsuntsun ba shi da wani gida a duniya, a yi shi da mafi ƙarancin azabtarwa, kuma da yardar mutanen wurin. Kyanwoyinki uku ba su cikin wannan lissafi.

TAMBAYA: Duk misalan da nake gani na nesa ne. Babu irin waɗannan tsibirai kusa da Nijeriya? Daga wani ɗalibin jami'a a Jos.

AMSA: Akwai, ɗana, a Mashigin Tekun Gini, wato ƙasar Sao Tome da Firinsipe, wadda Nijeriya ta ƙulla yarjejeniyar haƙar mai a iyakar ruwa da ita a 2001. Tsibirai biyu ne ƙanana da 'yan Fotugal suka tarar babu kowa a cikinsu wajen 1470, amma suna da kimanin nau'in tsuntsaye 28 da babu su a wani wuri, adadin da ya yi wa girman ƙasar yawa ƙwarai. Ɗaya daga ciki, mai kaurin baki, tun ƙarshen ƙarni na 19 ya yi ɓatan dabo, sai a 1991 aka sake ganinsa a dazuzzukan kudu maso yammacin tsibirin Sao Tome.

Tarihin nan ma irin na Morishiyus ne: da farko rake, daga baya koko, sai birai da ɓeraye da tunkun juda da aka shigo da su. Abin da ya ceci tsuntsayen shi ne duwatsu masu wuyar hawa da ruwan sama mai yawa, waɗanda suka hana gatari kaiwa tsakiyar daji, kuma a 2006 aka mayar da wannan yanki gandun Obo. Matsin yanzu yana zuwa ne daga gonakin kwakwar manja da aka buɗe a kudancin Sao Tome dab da gandun, da saran katako da gawayi, da mafarauta masu harbin kurciyoyin daji. Mutanen da ke wannan sana'a talakawa ne masu neman na tuwo, kuma duk dokar da ba ta tanadar musu wata hanyar ci ba a takarda za ta tsaya.

Inda abin ya taɓo mu kai tsaye shi ne cinikin aku. Akun nan mai ruwan toka da jan wutsiya da ake gani a keji a gidajen masu hali ba ɗan ƙasar Hausa ba ne, daga dazuzzukan kurmi ake kamo shi, kuma Firinsipe na cikin wuraren da aka daɗe ana kwasar 'ya'yansa daga kogon itace. A 2016 ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin namun daji da tsirrai a duniya, suka hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Wani mutumin Firinsipe da ake wa laƙabi da Bikegila ya yi shekaru yana wannan sana'a kafin ya bar ta ya koma mai gadin daji, kuma yana cikin waɗanda suka shaida wa masana cewa a hawan da yake yi neman 'ya'yan aku ya taɓa cin karo da wani tsuntsu dabam a cikin kogo. Shi ya yi musu jagora cikin daji da dare suna bin kukan, har aka gano wata 'yar mujiya da kimiyya ba ta san da ita ba. A 2022 aka yi mata rajista da sunan Otus bikegila.